Shekarar da Na Kayar da Zulai

Kun sha tambayata, musamman ke Ummi, me ya sa Gwaggo Asabe ba ta cikin hoton sunanki, alhali sunanta na yanka kika ci, Hauwa'u. Duk sanda kuka tambaya sai in ce ba ta da lafiya ne a lokacin. Rashin lafiyar ta zo kam, amma daga baya. Wasu kuma a dangin babanku har yau suna ba da labarin a karkace, wai na kayar da Zulai a jarrabawa ne don in nuna wa uwarta iyakarta. To yanzu da na ajiye aiki na samu zama, bari in faɗa muku yadda aka yi, tunda waɗanda suka san zancen daga tushe sun fara ƙarewa.

A shekarar ce aka ɗauke ni daga ɗakin yara na asibiti, inda na yi shekara goma sha huɗu ina aikin nas, aka mayar da ni makarantar koyon aikin jinya in koyar da ilimin magunguna. Ban nema ba. Shugabar makarantar, wata dattijuwa 'yar Kafanchan da muke kira Mama Saratu, ita ce ta zo har ɗakin yara ta tsaya tana kallona ina rabon magani, ban ma san da ita ba. Da na gama ta kira ni gefe ta ce malamin darasin ya samu canjin wurin aiki, ni take so. Na ce mata ni fa ban taɓa riƙe alli ba, kuma Turancina na rubutu a kati ne, ba na tsayuwa gaban mutane ba.

"Na ga kin karanta jikin kwalba ɗaya sau uku," in ji ta. "Wannan nake so ki koya musu. Turanci suna da shi, har ya yi musu yawa."

Da na koma gida Kawo na faɗa wa babanku, yana kan keken ɗinkinsa a shagon ƙofar gida, sai ya tsayar da ƙafa ya dube ni ta saman tabarau.

"To madalla," ya ce. "Dama mu kaɗai muke shan lacca a gidan nan. Gara a samu masu taya mu."

Makonnin farko dai ba su yi kyau ba, in faɗi gaskiya. Ina shiga aji da littafi mai kauri kamar bulo, in yi ta karanto sunayen magunguna da yadda suke aiki a hanta da ƙoda, ɗalibai suna rubutu, na baya suna gyangyaɗi. Ga laulayin cikinki, Ummi, ga warin alli yana tayar mini da zuciya. Da na yi musu gwajin farko na lissafin magani, na kawo takardun gida ina dubawa, sai da na ajiye biro na riƙe kai. Wata ta ba jariri abin da zai kwantar da bijimi, ta kuma ja layi biyu a ƙarƙashin amsar don in gani da kyau. Daga ranar na rufe littafin na ajiye shi a kan tebur don ado. Na shiga aji na ce kowa ya ɗaga hannun dama ya ware yatsu. Babban yatsa shi ne wa za a ba, manuniya shi ne wane magani, na tsakiya nawa, na kusa da shi ta ina, ƙaramin kuma yaushe. Na ce duk wadda za ta taɓa kwalba sai ta lanƙwasa yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, tana amsawa da ƙarfi, ko da mutane za su ce ta zautu. Suka yi ta dariya. Bayan mako biyu kuwa sai ka ji su a layin abinci suna yi wa mai ƙosai: wa, me, nawa, ta ina, yaushe. Na sa kowace ta riƙa zuwa da lemo guda biyu ranar Laraba, muna koyon allura a jikinsa da ruwa zalla. Na kawo cokulan gidanmu kala biyar na sa suka auna da sirinji, suka ga da idonsu cewa abin da uwa take kira cokali ɗaya a Kinkinau ba shi ne cokali ɗaya a Unguwar Shanu ba. Ajin ya farka. Ni ma na fara jin daɗin aikin, har na daina kewar ɗakin yara sai jefi-jefi.

A cikin ajin nan akwai Zulai, 'yar Yaya Asabe. Ku da kuka taso kuka same ta babbar ma'aikaciya mai nutsuwa ba za ku gane Zulai ta lokacin ba. Siririya ce, mai saurin tafiya da saurin magana, ga kai kamar na'ura. Kafin in gama rubuta tambaya a allo ta ɗaga hannu, kuma amsarta daidai. Ita ce kan gaba a komai, ta kuma san da haka. Lanƙwasa yatsu kuwa tana ganin aikin marasa ƙwaƙwalwa ne, in ta ga ina kallonta sai ta yi shi da sauri kamar mai kaɗe ƙuda. Na sha kiranta ofis in ce, Zulai, sannu a hankali. Sai ta yi murmushi ta ce, to Anti. A makaranta Malama take ce mini, amma in mu biyu ne sai ta koma Anti, don ta san nan ne laushina.

Yaya Asabe kuma kun san matsayinta. Ba yayar babanku ce kawai ba. Mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu, ita ta goya shi, ita ta kai shi koyon ɗinki da kuɗin atamfar da take sayarwa a ɗakinta a Unguwar Shanu, ita ta shige gaba aka nemo aurena. A gabanta babanku, da gemunsa da furfurarsa, ba ya zama a kujera. Ranar da ta ji ni ce malamar Zulai har gida ta zo da kwanon dambu, tana ta shi mini albarka, tana cewa yanzu hankalinta ya kwanta, yarinya tana hannun gida.

Jarrabawar aiki da hannu ta zo cikinki yana wata bakwai. Na roƙi a cire ni daga ranar Zulai, amma mu biyu ne kaɗai masu darasin, ni da wani abokin aikina Malam Yohanna, kuma doka ta ce sai mutum biyu sun zauna. A ɗakin gwaji akwai jaririn roba da ɗalibai suka raɗa wa suna Ɗanlami. Kowace ɗaliba za ta shigo ita kaɗai, ta ɗauki katin Ɗanlami, ta ba shi abin da aka rubuta. A katin mun sa nauyinsa kilo biyar, muka rubuta wani maganin ciwo mai ƙarfi, irin wanda in ya yi yawa yake tsayar da numfashi. Abin da ya dace da nauyinsa rabin miligiram ne. Da gangan muka rubuta miligiram biyar, kamar yadda likita mai gajiya yakan manta ɗigo. Abin da ake nema kawai shi ne ɗaliba ta gwada adadin da nauyin yaron, ta tsaya ta ce wannan ya yi yawa, sai na tambayi likita. Duk wadda ta soka wannan allura ta faɗi jarrabawar gaba ɗaya, sai bayan wata shida ta sake, 'yan ajinta su wuce su bar ta. Tun farkon shekara sun san dokar. Kafin Zulai, uku sun riga sun soka.

Ta shigo fes da ita cikin fararen kaya, ta gaishe mu, ta wanke hannu yadda ake so, ta ɗauki katin. Ina zaune hannuna a kan cikina, ina addu'a a zuci. Ta yi lissafin yadda za ta zuƙi miligiram biyar daga kwalbar, lissafi mai kyau, ba kuskure ko ɗaya. Ta zuƙa, ta fitar da iska, ta goge cinyar Ɗanlami da auduga. Ta soka. Duka-duka ba ta cika minti biyu ba. Ta juyo tana murmushi, tana jiran yabo.

Da ta fita Malam Yohanna ya daɗe yana juya biro a hannu. Mutumin kirki ne, ya kuma san ko ita wace ce a wurina.

"Sista," ya ce, "yarinyar nan ta fi kowa iyawa. Mu kira ta ta sake duba katin. Daga ni sai ke a ɗakin nan."

Wallahi 'ya'yana na so in ce to. Na hango fuskar Yaya Asabe, na hango babanku a tsakiya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaran nan uku da suka fita suna kuka tun da safe, ba su da anti a ɗakin. Sannan na san irin Zulai ce ake ba ɗaki guda ita kaɗai tun shekarar farko, saboda kowa ya yarda da ita, ba mai duba bayanta.

"Malam," na ce, "in za mu kira ta, sai mu kira ukun can. In kuma mun kira su, to mu rufe ɗakin nan mu daina wahalar da Ɗanlami."

Ya gyaɗa kai. Na rubuta sakamakon da hannuna, shi ma ya sa hannu a ƙasa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci tasi ta tsaya a ƙofar gida. Babanku ya hango wadda take fitowa, sai ga shi ya ɗauki wani yadi ya shiga aunawa da tef. Yadin nan ya auna shi ya fi sau ashirin, har ta gama abin da ya kawo ta bai san tsawonsa ba. Yaya ta shigo ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwan da na miƙa mata ba.

"Rabi, ni kika yi wa haka?"

"Yaya, ki zauna in yi miki bayani."

"Bayanin me? An ce mini ɗan roba ne. Roba! A kan roba za ki mayar mini da yarinya baya wata shida? Ya mutu ne? In ya mutu a faɗa mini in je kasuwa in sayo muku wani."

Allah ya sani dariya ta taso mini, na danne ta da ƙyar, don na san in ta fito an gama. Na ce mata ran da Zulai za ta yi wa ɗan mutum haka, ba a sayo wani. Ta ce ita ba ta zo wa'azi ba. Ta ɗaga murya ta kira babanku da sunan da ita kaɗai take kiransa, ya shigo da tef a wuya ya durƙusa.

"Ka ji abin da matarka ta yi?"

"Na ji, Yaya."

"To me ka ce?"

Ya dube ta, ya dube ni, ya dubi ƙasa.

"Yaya, ni dai in na ɗinka yadi ba daidai ba, ke ce kike sa ni in farke in sake."

Ta yi masa wani kallo, ta gyara mayafi ta fita. Ya bi ta har bakin titi yana ba ta haƙuri, ba ta waiwayo ba. Da ya dawo ya zauna a bakin gado. Na ce masa ya yafe mini, na sa shi a tsaka mai wuya. Ya ce in daina, shi dai abin da yake so in tabbatar masa shi ne na yi daidai. Na ce na tabbata. Bai sake tayar da zancen ba har ya bar duniya, amma na san abin ya ci shi, don duk Juma'a sai ya je Unguwar Shanu gaisuwa, ta amsa masa daga bayan labule, ya dawo.

Aka haife ki, ya sa miki sunanta, ya je da kansa ya faɗa mata. Ba ta zo ba. Suna ya cika, ga abokan aikina, ga ɗalibaina sun zo da kayan jarirai suna ta hayaniya, amma wurin da Yaya take zama ta raba goro ta ba da umarni ba kowa. Mata suna tambaya, ina cewa tana tafe. Da yamma da kowa ya watse na shiga ɗaki na yi kukana. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ban ce muku da sauƙi na biya ba.

Ina cikin wankan jego, wata Asabar da hantsi, aka yi sallama. Zulai ce, da leda cike da lemo. Wata biyu ke nan ba ta ko kallon inda nake. Ta gaishe ni a daƙile, ta karɓe ki ta riƙe, ta daɗe tana kallon fuskarki. Sai ta tambaye ni nauyinki. Na ce kilo huɗu da ɗan wani abu.

"Anti," ta ce, "da Ɗanlami yaron gaske ne, minti nawa zai yi da rai?"

Na faɗa mata gaskiya, ban rage ba. Ta sunkuyar da kai hawaye yana ɗiga a kan zanen goyonki. Na bar ta ta yi mai isarta. Sannan na ba ta labarin da ban taɓa ba wata ɗaliba ba, cewa a shekarata ta biyu a ɗakin yara ni ma na zuƙi irin wannan adadi, na nufi gadon wani yaro, wata tsohuwar nas ta riƙe mini wuyan hannu. Ba ilimi ne ya cece ni ba, Allah ne ya sa matar tana tsaye a wurin. Zulai ta ɗago ta ce, ashe Anti ma? Na ce Anti ma. Daga nan muka yi dariya, ta share fuska, ta zazzage lemon a faranti.

Tun daga ranar duk Asabar tana Kawo. A gida tana cewa kitso za ta je, ni kuwa don kada ta zama maƙaryaciya sai in zaunar da ita in yi mata kalaba biyu kafin ta tafi. Ina shayar da ke ina rubuta mata katunan ƙarya, wasu daidai wasu da tarko, tana lanƙwasa yatsu tana amsawa da ƙarfi. Ku manya, Nura da Sadiya, ku ne majinyata, kuna kwance a tabarma kuna nishin ƙarya, in ta tambayi suna ku ba ta na maƙwabta don ku rikita ta. Lemon da aka gama yi wa allura kuma babanku ne yake shanyewa. Har cewa yake bai taɓa shan lemo mai ruwa irinsa ba, a ƙara masa allura biyu.

Ana haka Yaya Asabe ta fara jiri. Dama tana da hawan jini. Ta faɗi sau ɗaya a bakin rijiya, ta sake faɗuwa a gidan biki. Dangi suka ce ɓacin ran da na sa mata ne yake cin ta, maganar ta zo har kunnena. Zulai ta ari abin awon jinina ta je ta auna ta, ta ga jinin ba hawa ya yi ba, sauka ya yi ƙasa sosai. Sai ta ce uwar ta kawo duk maganin da take sha. Aka zazzage leda a tabarma, ta bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya tana karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban suna. Ashe akwai wanda asibiti suka ba ta, fari, akwai kuma wani mai ruwan ɗorawa da wata ƙawarta ta yaba mata, ta aika aka sayo a kemis. Kamfani daban, suna daban, kwali daban, amma magani ɗaya ne. Wata guda tana shan ninki biyu. Zulai ba ta yanke hukunci da kanta ba, ta sa uwar a tasi da kwalayen biyu ta kai wa likita. Ya duba ya tsayar da ɗaya, ya tambayi wa ya gano. Cikin 'yan kwanaki jiri ya tafi, Yaya ta koma kan atamfofinta da faɗanta.

Ranar sake jarrabawa na ƙi ko shiga harabar makarantar, Mama Saratu ce ta zauna a madadina. Da yamma ta aiko mini da takarda cewa dukansu huɗun sun ci, amma in ja wa 'yata kunne, don ta yi wa katin tambayoyi har sai da ta ji tsoron Ɗanlami zai warke da kansa kafin a ba shi magani.

Bayan sati guda, da safe ina shanya, na ji sallamar da na fi wata shida ban ji ba. Yaya Asabe ta shigo kamar jiya ta fita. Ta zauna a kujerar babanku, ta miƙo hannu na ba ta ke. Ta juya ki ta duba, ta ce yarinya ta rame, ba na ba ki nono yadda ya kamata. Na kawo shayi ta ce ya yi ruwa, ta shanye. Ta ce labulen ɗakina ya koɗe, ga tela a gida. Babanku yana durƙushe a bakin ƙofa, bakinsa ya ƙi rufuwa, komai ta faɗa sai ya ce haka ne Yaya. Ta ciro ɗan kunne na zinariya daga bakin zaninta ta sa miki a tafin hannu. Zancen jarrabawa ko na magani kuwa ba ta ɗauko ba, ni ma ban ɗauko ba. Har ta bar duniya, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ce mini ta yi kuskure ba, kuma ban taɓa jira ba.

Da ta tashi tafiya na raka ta zaure. Ta sa takalmi ɗaya, sai ta tsaya.

"Af, na manta. Jikar Hajiya Kande maƙwabciyata ta samu shiga makarantarku bana. Kakar ta ce in yi miki magana."

Na ce a raina, yau kuma ga wata. Na tsaya ina jiran sauran.

"To na yi miki magana," in ji ta, tana zura ɗayan takalmin. "In ba ta iya ba ki kayar da ita. Ni ma asibitin nan za a kwantar da ni wata rana."